Na Kai wa Saniyar Kawu Sale Harawa Har Abijan

Kano zuwa Legas

Ana kiran assalatu na bar Ɗorayi da buhun harawa biyu da 'yar jakar kayana. Ni mai sayar da abincin dabbobi ne, ban taɓa wuce Kaduna ba, sai ga harawa za ta fitar da ni ƙasar waje. Iya ce ta tasa ni. Yayanta, Kawu Sale, wanda ya tsufa a Abijan yana fatauci, ya daina cin abinci. Ya rantse ba zai ƙara kai loma baki ba sai da man shanu irin na gida, rawaya mai ƙamshi. Iyalinsa har saniya suka saya suka ɗaure masa a tsakar gida, amma man ya fito fari fat, ga ƙarni, kwana biyu ya lalace. Tsoho kuwa sai ramewa yake.

Iya ta ce, "Habu, kai ka san cikin shanu. Je ka gyara mini saniyar nan kafin ɗan'uwana ya mutu da taurin kai."

A tasha direba ya ƙare wa buhunan kallo. "Malam, biki za ka ko kiwo?" Na ce dubiya. Bai ƙara tambaya ba, ya dai sa na raba kujera da buhunan.

Kan iyakoki

Daga Legas muka bi bakin teku: Kwatano, Lome, Ankara ta Gana. Mai tabarma ya wuce, mai firji ya wuce, ni kaɗai ake saukewa. A Seme wani jami'i ya soka hannu cikin buhu ya ce ganyen me ne. Na ce abincin saniya. Ya ce ina saniyar. Na ce tana Abijan tana jira. Ya kira abokinsa don kada ya yi dariyar shi kaɗai.

A Noe, ƙofar Kwaddebuwa, wani ɗan duwan, wato kwastan, ya fi su bincike. Ya ciri ganye ya tauna, ya zauna a benci yana jiran ya ji ko zai bugu, mota guda muna jiransa cikin rana. Da ya ji shiru sai ya ƙara tauna wani. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin rabon saniya yake ci.

Tireshbil

Hantsi ya dubi ludayi muka sauka a Tireshbil, wata unguwar Abijan da ke warin teku da gasasshen kifi. Nana, 'yar autan Kawu, taubashiyata, ita ta zo tarbata. A ɗakin gwajin magunguna take aiki, Hausarta kuma sai ta jingina da Faransanci take iya tsayuwa.

"Baƙauye, bon aribe! Ciyawa ka kawo mana tsaraba? Yako, sannu!"

Na ce ai ta fi ƙarfin wanda bai iya kiran sunan tsintsiya ba. Muka shiga jirgin ruwa muka haye tafkin da ya ratsa birnin, ni da buhuna a tsakiyar masu kwat da jakar ofis, sannan muka ɗauki tasi zuwa Ajame.

Ajame Libarte

Gidan su Kawu gidan haya ne babba, ƙofofi sun kewaye tsakar gida ɗaya: Hausawa, Julawa, Baule, kowa da murhunsa. A gindin famfo saniyar take, ta yi ƙiba har tana sheƙi. Madam suke kiranta.

Kawu na same shi a kan tabarma, wuyansa ya zama kamar na tulu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Ɗan Ladi, ka zo? Yaya uwarka?"

Kafin magariba na gano ciwon. A gidan nan in mutum ba shi da lafiya, kowace ƙofa sai ta aiko da kwanon dubiya. Ga garba, wato acheke, irin dambun rogo, da soyayyen kifi, ga soyayyar ayaba, ga burodi da madara. Kawu ya kau da kai. Hajiya Mairo, matarsa, ta ce zubar da abinci haramun ne, mai da kwano cike kuma cin fuska ne. Sai a juye wa Madam. Wato shi yana ƙin ci saboda man, man kuma yana lalacewa saboda ya ƙi ci.

Na ce, "Hajiya, abin da saniya ta ci shi ake tatsa. Ba ki ga man damina rawaya ba, ya daɗe a kwalba, na rani kuwa fari?"

Nana ta ce, "Wala! Antioksidan ke nan. Ɗanyen ganye yana da abin da ke hana mai saurin lalacewa, shi ne ma ke ba shi launi. Na faɗa wa Mama tun tuni, ta ce maƙwabta za su ji haushi."

Na zuba wa Madam harawa. Ta sunsuna, ta dube ni, ta juya mini baya. Sabo turken wawa. Sai da na riƙa ɓoye harawar cikin burodi kamar mai ba yaro magani. Hajiya ta bi ƙofa-ƙofa tana ba da haƙuri, wata Bajula ta daina gaishe mu don an ƙi kwanonta. Ni kuma kullum da safe in haye Tireshbil wajen masu tumaki in sayo ɗanyar ciyawa, har mai yanka tikitin jirgi ya sa mini suna Ministan Ciyawa.

Ranar man

A mako na biyu man ya fara rawaya. Aka yi tuwon shinkafa da miyar kuka, aka narka shi a kai, gidan duka ya tsaya kallo. Kawu ya ce in sa hannu tare da shi. Ya cinye malmala guda tas, ya suɗe yatsa, ya ce, "Da saura." Washegari ya ci biyu, ya ce da saura. Na sa ranar tafiya duk da haka, tunda wuya ya fara cikowa.

Sai ƙarni ya dawo cikin nonon. Ruwa ba ya tsami banza. Na zargi Bajula, na zargi Hajiya, har na yi wa Nana faɗa. Ran nan bayan azahar, gida ya yi tsit, na fito alwala sai ga Kawu tsugune gaban Madam, ya dogara sanda, yana ciro kan kifi daga aljihun jallabiya yana miƙa mata.

"Kawu!"

Bai ko razana ba. Ya goge hannu a gefen riga, ya ce, "To ɗan Ladi, in man ya yi daidai, me zai zaunar da kai? Rabon da wani ya tako daga gida ya zauna ci da ni, tun Nana tana goye."

Na zo da faɗa a bakina, na rasa inda zan ajiye shi. Tausayinsa ya kama ni har idona ya cika. Na karɓi sauran kifin na ba Madam da hannuna, na ɗage tafiyar sai da harawa ta ƙare ƙaf.

Komawa gida

Na biyo hanyar da na je, ba wanda ya sauke ni ko sau ɗaya. Da la'asar na shiga Ɗorayi. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ina kuma gode wa Hajiya Mairo da Nana da mutanen gidan nan, har da Bajula, wadda ta huce ta rako ni bakin titi.

Iya ba ta bari na cire takalmi ba. "Ya ci?"

"Ya ci, Iya. Har ƙari yake nema."

"Me ya ce a gaya mini?"

"Ya ce man da saura. Wai sai wanda kika kaɗa da hannunki."

Ta share ido da bakin zane. Can ta ce, "A ina ake yin fasfo ɗin nan?"