Ranar da Koci Rainey Ya Riƙe Hula

Kafin gari ya gama wayewa, tsohuwar motar Cleophus Rainey ta riga ta tsaya a bayan filin atisaye, can gefen da motar shara ke juyawa, domin wuraren gaba na masu suna ne. Zai fito da gahawarsa mai ɗaci a hannu ɗaya, burodin masara a ɗayan, ya gaisa da mai gadi, ya wuce wani ɗan ɗaki marar taga da ke jikin ɗakin wanki. A nan yake yini, yana kallon bidiyon ƙungiyar da za mu kara da ita ranar Lahadi. Ya kalla, ya mayar baya, ya sake kalla, har sai ya gane inda masu tsaronsu ke karkata in sun tsorata da jifa, da inda suke barin kafa in sun gaji.

Haka ya yi shekara talatin da wani abu a ƙungiyar garinmu ta ƙwallon zari-ruga, irin wadda ake sa hular kwano. A ƙarshen wannan kakar wasa zai ajiye aiki, kuma na tabbata cikin masu cika filin nan duk mako, waɗanda za su iya nuna fuskarsa ba su cika mota ɗaya ba. Waɗanda suka tuna sunansa kuwa, da zagi suka tuna shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikinsa shi ne awo: sau nawa za a miƙa wa mai gudu ƙwallo ya ratsa da ita ta ƙasa, sau nawa za a jefa ta sama. In jifa ta yi yawa, abokan karawa su daina tsoron gudu, su afka wa mai jifa. In gudu ya yi yawa, su taru a gaba kamar bango. Shi ke tsara wannan tun farkon mako, wani ya karɓa ya kira wasan, wato ya riƙa faɗin salon da za a buga, in an ci a yabi wancan. Ranar wasa yana can sama a ɗakin gilashi, yana magana a kunnen babban koci ta abin saƙalawa a kunne, a hankali, kamar mai tuna wa mutum ya sha magani.

Ni Hollis Vandiver, na yi shekaru a layin gaba, cikin ƙattin da ke buɗe wa mai gudu hanya. Mu ne 'yan gatansa. Yakan ce jifa kayan zaƙi ce, gudu shi ne abincin, kuma bai taɓa ganin wanda ya ƙoshi da alewa ba. Masu jifa suna tsokanarsa da cewa tun zamanin da ake zuwa fili a kan doki aka haife shi. Ba ya fushi. Sai ya ce musu, “Ku yi ta jifa, yarana. In sanyi ya shigo za ku zo kuna nemana.” Kuma suna zuwa.

Ban taɓa jin an sallami ɗan wasa ba tare da Koci Rainey ya raka shi har mota ba. Wani ɗan layinmu da aka kora da karyayyar gwiwa ya gaya mini cewa wata guda ya yi yana kwana a gidan Rainey, matarsa Odessa tana ɗura masa kaza da ganye, har ya samu aikin koyarwa a wata makaranta. A ofis ba wanda ya sani.

Amma abin da nake so ku ji ya faru ne a wasan ƙarshe na wata kaka da duk ɗan garin nan mai furfura yake tunawa. In mun ci, mu shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale bayan shekaru muna kallo daga gida. Lokacin na riga na daina wasa, ina aiki da gidan rediyo a bakin fili. An yi hasashen ƙanƙara da iska mai ƙarfi daga tafki, don haka babban koci ya sakar wa Rainey tsarin gaba ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Ya kuma gaya masa a gaban mutane cewa in tsarin ya ci, kujerar mai kiran wasa tasa ce a kaka mai zuwa. Ya kusa shekara ashirin yana jiran wannan magana. Odessa har sabuwar riga ta saya masa.

Ya gina tsarin kacokan a kan Tremaine Boudreaux, mai gudunmu, saurayi daga Louisiana wanda Rainey ya raina tun zuwansa. Kuma tsarin yana ci. Iska ta hana kowa jifa, Tremaine kuwa yana ta ratsa su. Bayan hutun rabin lokaci muna gaba, filin yana rawa. Sai wani mai tsaro ya zo masa ta gefe, kai ya haɗu da kai. Tremaine ya tashi da kansa, ya ɗaga wa jama'a hannu, aka yi ta ihu. A wancan zamani in ka tashi da ƙafarka, an gama magana.

Daga sama Rainey ya ga Tremaine ya tsaya a gefen da ba nasa ba, har sai da mai jifa ya ja shi. Da aka sake jeruwa ma ya maimaita. Wanda ke zaune kusa da Rainey ya ba ni labari cewa Rainey ya ce wa babban koci a fitar da yaron. Babban koci ya amsa cewa an tambaye shi ya ce lafiyarsa lau, kuma saura kaɗan a gama. Rainey ya maimaita. Aka ce masa ya yi aikinsa, ya bar wa masu fili nasu. Sai ya cire abin kunnensa, ya ajiye a kan tebur, ya fita.

Abin da ya biyo baya da idona na gani. Ƙwallo na hannun abokan karawa, don haka masu tsaronmu ne a fili, Tremaine yana zaune a benci, hular kwanonsa a gefensa. Rainey ya iso yana haki, ba ko rigar sanyi a jikinsa, ya ɗauki hular ya rungume. Ba hula, ba shiga fili.

“Koci, ba ni hulata.”

“Wane salo aka kira kafin a buge ka, ɗana?”

Tremaine ya dube shi. Bakinsa ya motsa, amma ba abin da ya fito.

“Faɗa mini sunansa kawai, in ba ka.”

“Tsoho, kada ka yi mini haka. Ba yau ba.”

“Yau ɗin ce,” in ji Rainey.

Babban koci ya zo yana kumfar baki, ya ce masa ya san abin da yake jefarwa kuwa. Rainey ya ce ya sani. Tremaine ya kama hular yana ja, mutum mai ƙarfin sa, amma tsohon ya ƙanƙame ta a ƙirji har suka kusa faɗuwa, sai da aka raba su. Kyamarori sun ɗauka. Da abin ya zama a gaban duniya, ba wanda ya isa ya mayar da yaron fili ba tare da likita ya duba shi ba.

Mataimakin Tremaine bai iya ɗaukar nauyin tsarin ba. Aka koma jifa a cikin wannan iska, aka ƙwace mana ƙwallo sau biyu, muka sha kashi.

A asibiti aka ga jini na tsatsafa a cikin kan Tremaine. Likita ya ce wani bugun ɗaya zai iya zama na ƙarshe. Amma Tremaine ya roƙi a rufa masa asiri, don yana fatan wata ƙungiya za ta ɗauke shi in ya warke. Ƙungiyarmu ta sanar da cewa ɗan ciwon wuya ne. Gari kuwa ya ɗauka: wani tsohon mataimaki ya tsorata, ya yi faɗa da tauraronmu, ya zubar mana da kaka. An zage shi a rediyo, an zage shi a mashaya, an jefi gidansa da ƙwai. 'Yan jarida sun bi shi har ƙofar majami'a. Kalma ɗaya ta isa ta wanke shi. Ya ce ba asirinsa ba ne.

Ni kaina na matsa masa a lokacin, na ce ya bari in faɗa a rediyo ko da a kaikaice. Ya ce, “Hollis, na karɓe masa wasa. Ba zan haɗa da abincinsa ba.”

Kujerar ta tafi wurin wani. Ba su kori Rainey ba, don ba mai iya abin da yake yi, amma ba a sake kiran sunansa ba in ana maganar ƙarin girma, a nan ko a wani gari. Tremaine bai sake buga wasa ba duk da haka, likitocin kowace ƙungiya suka ƙi shi. Ya ɗora wa Rainey laifin, ya koma kudu, ya daina ɗaukar wayarsa. Wannan ya fi zagin gari ciwo. Odessa ta taɓa gaya wa matata cewa duk ranar haihuwar Tremaine sai Rainey ya kira shi, ya saurari ƙarar wayar har ta katse, sannan ya tafi aiki.

Bara Odessa ta rasu. Mu kaɗan ne a majami'ar. Ana shirin ɗaukar akwatin sai ga wani mutum mai ƙiba, gemu ya fara fari, ya taso daga bencin baya da 'yan mata biyu a bayansa. Tremaine ne. Ya kama hannun akwatin na gaba. A maƙabarta ya tura yaran gaban Rainey, ya ce, “Koci, ga Simone, ga Odessa ƙarama.” Rainey ya dafa kan yaran, ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Tremaine yana tuƙa motar 'yan makaranta yanzu, kuma shi ya kira ni ya ce in rubuta duk wannan, da sunansa, tun tsohon yana iya ji.

Ji ɗin ne ya rage masa. Ciwon suga ya ci idanunsa. Wannan kakar sai ya manna fuska da allo kafin ya bambance mai gudu da mai tsaro, kuma shi da kansa ya je ya ce ba zai ci amanar aikin ba. Na ziyarce shi makon jiya, gidan shiru, kujerar Odessa na nan inda take. Na tambaye shi ko ya taɓa yin da-na-sani.

“Ba ranar da ba na tuna wasan nan,” ya ce. “Tsarin nan ba shi da aibi, Hollis. Da mun ci.”

Na ce to da za a mayar da ranar fa?

“Da na sauko tun bugun farko. Na bari ya ƙara karawa sau biyu ina kallo.”

Koci, kai ne ka auna mana gudu da jifa shekara da shekaru, wasu suna ɗaga kofi kana naɗe wayar abin kunne. Kai ne aka miƙa wa abin da ka jira rabin rayuwarka, ka ajiye shi a kan tebur saboda ɗan wani. Gwarzo marar tambari, mun ci moriyarka ba mu ce sannu ba. Ba mu da kujerar da za mu mayar maka, ba mu da idon da za mu ba ka. Na gode, a madadin layin gaba, da waɗanda ka raka mota, da 'yan mata biyu da suka tashi da uba.

Ku masu horar da yara, daga filin makaranta har zuwa manyan filaye, wata rana za ku ga abin da ya gani, kuma a ranar ne cin wasa zai fi muku daɗi. Ku sauko.

Sauran mutanen gari kuwa, yana zuwa majami'ar da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa duk Lahadi da safe, yana zama kusa da ƙofa. Ku je ku gaishe shi. Ku faɗa masa sunanku, don ba zai gane fuska ba. In kana cikin waɗanda suka zage shi, ba sai ka faɗa ba. Zai miƙo maka hannu duk da haka.