Sunan Yaya Umaru a Bakin Rijiya

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar wana Umaru, mahaƙin rijiya, Allah Ya jiƙansa. Ni ban yi boko mai nisa ba, zan faɗi magana yadda take.

Kabarinsa ya ɓace mini. Mu nan ba mu rubuta suna a kabari. Tsohuwar tukunya munka kife masa, damina uku ta cinye ta. Yau in na shiga maƙabartar ƙauyenmu, nan gefen Lambara, tsakiya nake tsayawa in yi wa kowa addu'a, in ce ta same shi a ciki.

Abin da ya rage mini rijiyar bakin kasuwa ce. Ranar da ya gama ta, siminti na ɗanye, ya ɗauki kara ya rubuta sunansa da ajami a bakinta. Daga nan ta zama Rijiyar Umaru. Masu ɗibar ruwa kullum sunansa na bakinsu, har waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Da ranin nan ƙungiyar 'yan garinmu da ke aiki Sakkwato sunka kawo famfo mai sola. Za a rufe bakin da sabon siminti, a kafa allo da sunan ƙungiya. Shugabansu ya iske ni kasuwar Boɗinga ina sai da albasa.

"Baba Sani, ba mu son mu shafe rubutun ba da saninka ba. Mi kac ce?"

Na ce, "Mata za su huta?"

"Ƙwarai. Ba sauran jan guga."

Na san Yaya, dariya zai yi mini, ya ce wa ya taɓa shan suna ya kashe ƙishirwa? Shi da ya ga igiya ta tsattsage hannun matarsa. To amma shi ya tafi, ni aka bari da neman inda zan tsaya.

Na ce su yi. Abu guda na roƙi magini, ya bar mini taki ɗaya inda rubutun yake. Ya bari. Ga shi can bayan tankin ruwan da sunka kafa, inda ba mai zagawa.

Yanzu Rijiyar Sola ake ce mata, ban ga laifin kowa ba. Ruwan dai shi ne wanda Yaya ya sauka zurfin gaba goma sha biyu ya tarar. Duk Juma'a in an sauko masallaci nakan zaga ni kaɗai, in sa yatsa in ƙwaƙule ƙasar da ta cika haruffan. Ranar da ba ni, ƙasa ta rufe su, mutane su ci gaba da sha. Allah Ya kai ladan kabarinsa, Shi ya san inda yake.