Motar Amanar da Na Wanke Har Tsatsa Ta Cinye Ta

Shekarun baya, tun ƙarfina bai fara ja da baya ba, wani abokina ya damƙa mini amanar da ban taɓa riƙe irinta ba. Tare munka yi karatun allo a Wurno. Ni na zarce da littattafai, shi kuwa ya kama fataucin fatu, yana bin kasuwannin Rabah da Goronyo da Achida yana saye, yana kaiwa Sakkwato. Da ciwo ya kwantar da shi, ɗansa ya zo zai tafi da shi jinya nesa, sai ya aika aka kira ni, ya miƙa mini makullin motarsa, wata farar a-kori-kura tsohuwar hannu da ta shigo ta Kwatano.

Ya ce, "Malam, ga ta nan. Direba shi ci gaba da aiki, iyali su ci abinci. Kai dai ka sa ido."

Na karɓa da bismilla, alhali iyakar sanina da mota shi ne wurin da ake zama.

Ranar farko da direban ya dawo da ita ƙofar gidana na leƙa bayanta, hankalina ya tashi. Ɗanyun fatu da gishiri ake barbaɗe su don kada su ruɓe, to ga ruwan gishirin nan gauraye da jini ya kwanta a kowane lungu. Kuma motar nan ita ke ɗaukar tabarmin makarantarmu da hatsin gida, a cikinta muke zuwa ta'aziyya ƙauyuka. Wanda ya daɗe yana karantar da babin tsarki ba ya ganin haka ya kau da kai. Sai na kafa doka cewa duk la'asar da ta dawo daga kasuwa a wanke ta. Da kaina nake tsayawa, in naɗe hannun riga, in yi ta kwarara bokiti bayan bokiti, kan murfin baya da jikin ƙofofi, har sai launi da wari sun gushe.

Ana cikin haka na lura da wasu ƙananan huji a ƙasan ƙofofin da ƙasan murfin bayan, ruwa na ɗiga daga cikinsu. Na ɗauka lalacewa ce ta fara. Na sa anka narko kwalta, na bi su ɗaya bayan ɗaya na toshe, raina fes, ina ganin na kyautata wa amana. Direban, wani magidanci mutumin Lahodu, yana tsaye yana kallona. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce, "Allah shi ƙara ma Malam lahiya."

Damina biyu muna kan haka.

Wata ranar kasuwar Goronyo, kwana kaɗan bayan saƙo ya iso cewa abokina ya samu sauƙi yana shirin dawowa, na bi motar don in gaida wani ɗan'uwa. Direban ya saki murfin baya za a yi lodi. Murfin bai tsaya inda ya saba tsayawa ba, ya ɓalle ɗungurungum ya faɗi ƙasa, wani jan ruwa ya tsiyayo daga cikinsa. Masu lodi sunka ja da baya suna salati.

Munka ɗaure shi da igiya, munka kai ta wurin wani mai walda a Achida. Ya durƙusa ya soka ƙarfe a ƙasan ƙofa, ƙarfen ya shige kamar cikin waina. Ya ɓamɓaro kwaltar ya ɗaga sama.

"Wane gwani yat toshe hujin ga? Wallahi ko maƙiyin mota sai haka!"

Direban ya duƙar da kai. Na ce, "Ni ne."

Mai waldar, bawan Allah, ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta ba da haƙuri. Na ce masa ya bar haƙuri ya karantar da ni. Ya bayyana mini cewa irin waɗannan motoci daga ƙasashen sanyi suke fitowa, inda ƙanƙara ke rufe hanya a watsa mata gishiri don ta narke, saboda haka da tsatsarsu suke zuwa, tana kwance ƙarƙashin fenti. Hujin kuwa maƙera ne sunka yi su da gangan, don ruwan da ya shiga ya samu mafita. Ni na ɗura mata ruwan gishiri, na kuma rufe masa hanya.

Sannan ya rage murya. "Malam, kak ka damu. In cike ta, in shafe, in hura mata fenti. Ko mai ita ba ya ganewa sai wata damina."

Ina jin kunyar faɗin cewa ban ƙi nan take ba. Kwana uku na yi ina buɗe littattafai. Hukuncin a fili yake: mai riƙon amana ba a ɗora masa abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Sai na kama kaina ina neman fassarar da za ta fitar da kwalta daga ƙetare iyaka. Da na gane abin da nake yi, na rufe littafin.

Na tambayi direban abin da ya hana shi magana tun farko. Ya ce, "Malam, ina ni ina gyara maka? Kai ka gyara muna alwala."

Da abokina ya iso, na bari masu barka da zuwa sunka ragu, sannan na kama hannunsa na kai shi gaban motar yadda take, da igiyarta da komai. Na faɗa masa abin da na aikata ban rage ba, har da shawarar fentin da kwana ukun da na yi ina jinkiri. Ya zagaya ta a hankali, yana dogara sanda, yana ƙwanƙwasa ƙofofin. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Malam! Na bar maka mota, ka maishe ta ɗalibarka? Damina biyu tana wankan tsarki!"

Na ce zan nemo wasu ƙofofin, hakkinsa ne.

"Mi? Bar wagga magana. Kafinta shi sa mata katako a baya, fatu ba su san bambanci ba. Amma ba ka tsira hakanan ba. Can inda nike kwance na yi ta tunanin wa za ya wanke ni in ta Allah ta kasance. To yau na samu mutumin da ba ya barin lungu. Sai dai don Allah, kwaltar ka baro ta gida."

Tun daga lokacin nake tsoron shirun da mutane ke yi mini saboda girmamawa fiye da yadda nake tsoron gardamarsu. In na shiga fagen da ba nawa ba, nakan tambayi mai fagen, in kuma ya ce mini Allah ya ƙara lafiya, sai in sake tambaya.

Motar ta ƙara shekaru tana bin kasuwanni da katakonta a baya, ana jin ƙararta tun daga nesa. Abokina ma Allah ya ƙara masa kwanaki masu albarka. Ranar da ya cika, da hantsi, ɗansa ya zo ya durƙusa gabana ya ce Baba ya bar wasiyya. Na ce masa na sani. Na naɗe hannun riga na shiga. Wannan amanar, alhamdu lillahi, na san yadda ake riƙe ta. Allah ya jiƙansa da rahama.