Baƙar Motar Baba

A shekarata ta biyu a Garuwa na san tsohon. Iyalina suna Meiganga, ni kuma ina zaune ni kaɗai a wani ɗaki bayan wurin wankin mota, inda nake aikin goge fenti da inji. Abokan aikina Fulatanci suke yi gauraye da Faransanci. Nawa Fulatancin na ciniki ne, bai kai na raha ba. Kafin in haɗa amsa, an gama dariya an wuce. Sai na saba da yin shiru.

Wata Asabar aka aiko kirana zuwa gidan wani dattijo da ya yi ritaya daga kamfanin auduga. Na tarar da shi tsaye kusa da wata baƙar mota a tsakar gida. Da Hausa ya amsa sallamata, irin ta mutanen da, ya ce a bakin mahaifiyarsa ya sha ta. Ya nuna mini murfin injin. A cikin rana fentin ya cika da siraran zane masu zagaye, kamar saƙar gizo-gizo. Na tambaye shi wa ke wanke ta. Ya ce shi ne, kullum da safe, da tsumma guda. Na gaya masa yashin da ke maƙale a tsumman ne ke yi mata haka. Ya dubi hannunsa.

Muka tura ta inuwar dalbejiya, domin ba a goge fenti mai zafi. Na wanke ta, ta bushe, na ɗiga man gogewa a kan soson injina, na shafa shi a hankali kafin in ƙara gudu. Ɗan wuri kaɗan nake ɗauka, in bi shi a tsaye, in dawo a kwance, soson a shimfiɗe, ba tare da na danne ba. Idan ka tsaya wuri ɗaya fenti ya ƙone, musamman a gefuna. Baba ya jawo kujera yana tambayar dalilin kowane abu. Da na share wurin da ƙyalle mai laushi, hoton ganyen dalbejiya ya fito a cikin fentin tar.

Ina shirin kama ƙofar motar ya ce in bar nan, sauran sai wata Asabar.

Aikin yini guda ya cinye mana damina. A tsakanin nan na ji cewa matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Yawunde, idonsa kuma ya yi rauni, ya daina tuƙi. Motar ba ta zuwa ko'ina. Yana dafa shayi, ni ina ba shi labarin 'yata da ta fara tafiya ba na nan. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba a Garuwa.

Da muka gama, ya ce a sake daga farko. Na ce, "Baba, fenti siriri ne. Kowace gogewa tana cin wani abu daga jikinsa."

"To, ka riƙa zuwa kana duba ta kawai, ɗana."

Na ci gaba da zuwa, har ranar da na tarar da ƙofa a kulle. Maƙwabciyarsa ta ce babbar 'yarsa ta zo ta tafi da shi Yawunde asibiti, bai samu ya sallami kowa ba. Bayan sallar layya maƙwabciyar ce dai ta tare ni a kasuwa ta ce ya rasu a can, a can aka binne shi.

Na rasa wanda zan yi wa ta'aziyya. Gidan an riga an zuba 'yan haya. Na shiga masallacin bakin kasuwa na yi masa addu'a, na fito na tari mai babur. Wata motar ɗan kasuwa tana jirana a wurin aiki, fara ce, ita ba ta nuna zane sosai. Na gama ta kafin la'asar, sannan na kira matata a waya, na ce ta ba yarinyar in ji muryarta.