Kiran da ɗan farina ya yi ran kasuwar Buza

Da na buɗe baki ran nan na ce kada ya bi su, da ya ji maganata? Har yanzu da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Sai in ɗauki tsintsiya in share inda na riga na share.

Ɗan farina ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, haka na taras. Muddin ubansa na da rai, shi ne tsakaninmu. Da Allah ya karɓi maigidan, sai ɗiyata ta karɓi aikin. In ya kira salula, ita ke amsawa, ni kuwa ina gefe ina tsince wake, kunnena na wajensu.

Soja ne, kaporal, galo biyu kacal a kafaɗa. Sai ga shi an tura shi wata ƙasa, wai ya koya wa sojojinsu aiki, don yana jin Fillanci, mutanen can ma suna ji. Ya faɗa wa ƙanwarsa cewa manya na zaune a birni, su ƙanana aka kai daji. Cikin waɗanda yake koya wa har da masu furfura. Yana nuna musu yadda ake ɗaure ƙafar da ke zubar da jini, da yadda ake gane ƙasar da aka tona aka binne abin fashewa. Ya ce ya kasa yi musu tsawa. Baba yake ce musu, su kuma su ce mishi malam, a yi ta dariya. Ƙanwar ta ce malamin da har yau bai iya dama fura ba.

Ran nan ta tafi kasuwar Buza da albasa, ta mance salular kan turmi. Salular ta yi ta kuka, ta yi ta kuka. Na danna inda na ga ɗiyata tana dannawa, na kara a kunne, ban ce komai ba.

Ya gane ni da numfashi. Ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata. Ya ce gobe dattawan nasa za su fita sintiri na farko. Ba a ce dole ya je ba, aikinsa koyarwa ne, amma yana jin nauyin ya zauna inuwa ya tura sa'o'in ubansa. Na so in ce kada ya bi su. Na riƙe bakin turmi.

Washegari ya bi su, motarsa ce ta taka abin da aka binne. Ko gawar ban gani ba, can aka rufe shi. Ina kuka, ba na ɓoyewa, ko gaban surukai.

Ran nan, kafin ya kashe salular, ya ɗan jira ni. Sannan ya yi dariya kaɗan, ya ce: "Ba komai, Inna, na san kina ji. Ki bar ɗaukar ruwa da ƙafar nan har in zo."