Shekarar Gadar Ƙauyen Stamen

Stamen Gochev bai taɓa barin ƙarya ta kwana a kundin ilimin intanet na Bulgariya ba. Wato dai a shafi ɗaya, na gadar ƙauyensu.

Da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, sai ya rubuta cewa an gina gadar a 1871, kamar yadda aka sassaƙa a dutsenta. Washegari wani mai kiran kansa Bushiya ya mayar da ita 1874, ya kafa hujja da littafin wani limamin coci.

"Baba Stamen, dutse ba littafi ba ne," in ji Bushiya a zauren muhawarar shafin. "Kawo lambar shafi."

"Kai yaro, limamin naka da barasa yake karya kumallo," in ji Stamen.

Shekara tara suna haka. Stamen ya gyara da safe, kafin gahawarsa ta huce an warware. Ko fuskar mutumin bai sani ba.

Wata kaka sai aka daina warwarewa. Matarsa Donka ta ce, "To gwani, ka ci. Taso ka tsinko mana inabi."

Ya jira mako shida, sannan ya rubuta, "Bushiya, mutuwa ka yi ko gaskiya ka gane?" Shiru. Sai ya sa 1971 da hannunsa, irin kuskuren da ko a gadon asibiti Bushiya yake sai ya taso ya gyara. Kowace safiya yana buɗe shafin kafin ya wanke fuska.

Bana shekara uku ke nan gadar tana 1971.