Ƙanƙarar Magarya

Shekarar da gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, muna zaune a Mayahi. Maigidana yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, ni kuma ina gida da wani tsohon firigo mai aiki da kananzir. Da shi nake ƙulla ƙanƙarar zoɓo a leda. Sai aka rufe iyakar Najeriya, sukari ya ɓace a kasuwa. Soja ke mulki can, soja ke mulki nan, ba wanda za a tambaya. Na kashe firigon, na riƙa ajiye kwanoni a ciki.

Ana cikin haka aka kawo mini Baba a amalanken jaki daga ƙauyenmu da ke bayan Attantane. Shanunsa sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Baffa ƙanensa, wanda ya rako shi, shi ya faɗa mini. Bakinsa duk ya fashe, tuwon jar dawar taimako da ake rabawa ba ya haɗiyuwa. Ko kunu na kai masa sai ya kau da kai. Na shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin rumfa, yana kallon katanga, ina kallonsa.

Rana ta huɗu na kwashe kwanonin, na kunna lagwanin firigon. Na daka busasshiyar magarya, na jiƙa ta da dabino da ɗan garin 'ya'yan kuka, na tace da farin ƙyalle, na ƙulla. Washegari da rana tsaka na fasa bakin leda ɗaya na sa masa a hannu.

"Mi ne ne wanga?" in ji shi.

"Ƙanƙara ce, Baba."

"Sama ta hana ruwa, ke kina da ƙanƙara cikin ɗaki."

Ya kai baki, ya daɗe yana tsotsa. Ruwan na bin gemunsa. Can ya ce, "Magarya ce." Iyakar maganarmu ke nan ranar.

Da ita ya rayu kusan sati uku. Kullum in daka, in jiƙa, in tace. Wata rana in sa goruba, wata rana tsamiya, amma tsamiyar tana yi masa zafi a baki, na bari. Maƙwabta suna ta yaba haƙurina. Ni dai hannuna ke aiki, ban san me nake ji ba.

Ran nan ina cikin tacewa bayan azahar maigidana ya tsaya kaina ya ce, "Sai haƙuri, Baba ya cika." Na ce to. Na ƙarasa ƙulla abin da na jiƙa, don kada ya yi tsami, sannan na wanke hannu na je.

Mata suka cika gidan, ga zafi. Na fito da ƙanƙarar jiya na rarraba musu. Wata tsohuwa da ta zo gaisuwa ta matso ta tambaye ni yadda nake haɗawa, na yi mata bayani dalla-dalla, maza na fita da makara.

Bayan sadakar uku Baffa ya ɗaura wa jakinsa amalanke zai koma ƙauye. Na ba shi buta da takalman Baba, na raka shi har bakin hanya. Da na dawo na naɗe tabarmar, na share ƙarƙashin rumfa, na ɗora girkin rana.